Kafin a ce inji ya shirya shiga kasuwa, a tambayi matakinsa

Malam Edita, assalamu alaikum.

Muna roƙon fili mu yi tsokaci kan wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a labaran ƙere-ƙere. Da zarar an nuna sabon inji a wurin baje koli a Abuja, ya tashi ya yi ruri na minti goma aka tafa, washegari sai a karanta cewa ya shirya shiga kasuwa. Alhali wannan shiri yana da ma'auni, kuma ba sirri ba ne.

Hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ce ta fito da shi a shekarun 1970, daga baya aka tsayar da shi kan matakai 9, ana ce masa TRL, wato matakin shirin fasaha. Daga 1 zuwa 3 magana ce ta tunani da gwada ko dabarar za ta yiwu. A mataki na 4 an gwada sassa a ɗakin bincike. Na 5 da na 6 gwaji ne a yanayi mai kama da na aiki, na 7 kuwa a ainihin wurin aikin. Sai injin ya kammalu ya ci jarrabawa ake ce masa 8, sai ya daɗe yana aiki a hannun masu shi ake ce masa 9. A ganinmu, galibin abin da ake nunawa a baje koli bai wuce 4 ko 5 ba. Wannan ba abin kunya ba ne, muddin an faɗa.

Mu ɗauki injin sussukar masara da za a kai wa manoman Mangu. A wurin nuni, busasshiyar masara zaɓaɓɓiya ake zuba masa. A gona kuwa za ta zo da ɓawo da ƙasa da tsakuwa, wata da danshi sama da kashi 20 cikin 100, inda ya kamata a ce ta sauko wajen 13 zuwa 14. Ɗanyar tana toshe rariya, gangar da ke juyawa tana sussukar ta cije, bel ya riƙa zamewa har ya ƙone. Ga kuma tudu. Jos tana kusan mita 1,200 sama da teku, kuma injin fetur yana rasa kamar kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 300 saboda iska ta yi sauƙi. Ke nan wanda aka rubuta masa ƙarfin doki 6.5 ba zai ba da fiye da 5.7 a nan ba. Wanda ya yi lissafin fuli a Legas bai san da wannan ba sai injin ya fara mutuwa da an cika masa baki. Don haka gwajin mataki na 7 yana buƙatar littafi: buhu nawa a awa, ƙwaya nawa ta fashe a kowane kilo, nawa ta maƙale a totuwa, lita nawa ya sha, me ya lalace kuma bayan awa nawa. Kaka guda cur, kuma a hannun manomi, ba a hannun wanda ya ƙera ba, domin shi ya san lagon injinsa yana lallaɓa shi.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne ma'auni na biyu, wato MRL, matakin shirin ƙerawa da yawa, mai matakai 10, wanda Ma'aikatar Tsaron Amurka ta tsara. Shi ba ya tambayar ko injin yana aiki. Tambayarsa ita ce: za ka iya ƙera ɗari su fito iri ɗaya? Ƙwararren mai walda zai iya fitar da guda mai kyau ta hanyar goge nan, buga can, ba zane ba komai. Na biyu sai ya fito daban, kayan gyaran wannan ba sa shiga wancan.

A duba sandar da ke juya ganga. Boris mai lamba 6205 raminsa milimita 25 ne, kuma don ya zauna daram ana feƙe mazauninsa tsakanin 25.002 da 25.015. Kalifa, ma'aunin kauri mai karanta milimita 0.02, ba ta ganin wannan tazara, sai maikiromita da ta fi ta gani. In sandar ta yi siriri, boris zai riƙa juyawa a kanta yana cin ta. In ta yi kauri, a tura shi da guduma, ya yi zafi ya mutu da wuri. Hanyar ganewa ita ce a feƙe sanda 30 a jere, a auna kowace, a rubuta, a fitar da alƙalumman da ake kira Cpk, masu nuna yadda sandunan suke tsayawa cikin tazarar da aka yarda. Masana'antu da yawa ba sa amincewa da ƙasa da 1.33. Haka firam: in ba a ɗaure shi a madafi mai riƙe shi daidai kafin walda ba, zafi zai janye shi, boris biyun su saɓa layi, girgiza ta tsattsage waldar. Falan ƙarfe ma a auna kaurinsa ranar da aka sayo, don abin da aka kira milimita 2 a kasuwa ba kullum yake cika ba.

Muna da cibiyoyin da za su iya riƙe wannan aiki. NASENI, hukumar bunƙasa kimiyya da injiniyanci da aka kafa a 1992, tana Abuja. NCAM da ke Ilorin tana gwada injinan noma, NMDC a nan Jos tana binciken ƙarafa, SON kuma, hukumar kula da ingancin kaya, tana ba da shaidar MANCAP ga kayan da aka ƙera a gida. Da za su riƙa rubuta matakin TRL da na MRL a jikin duk abin da aka nuna, da banki da mai zuba jari sun san ko kuɗin gwaji ake nema ko na kafa masana'anta.

Kafin nan, muna roƙon wakilanku su riƙa tambayar mai ƙira guda nawa ya ƙera, awa nawa mafi daɗewarsu ya yi yana aiki, a gonar wa, kuma in aka miƙa zanen ga wani shago a Bukuru, za su fitar da shi ba tare da sun kira shi a waya ba?

Mun gode.

Wasu injiniyoyin ƙere-ƙere,
Jos, Jihar Filato