Masara goma ba ta isa a ce an adana iri ba

Edita, assalamu alaikum.

Baƙon da kuka kawo a shirin noma na ranar Talata ya yi ɓarna, mai gabatarwa kuma bai ko tanka masa ba. Wai manomi ya tsinci manyan masara goma a tsibi bayan an ɓare, ya rataye a madafi, shi ke nan ya adana irin gida. Haba!

Masara ba dawa ba ce. Dawa galibi kanta take yi wa barbara, masara kuwa iska ce ke kwasar ƙurar furen da ke saman kara ta zuba a gemun wata. In daga goyo goma kaɗai ake ɗebo iri kowace shekara, dangi ne ke ta auren juna: kara ya gajarce, goyo ya ƙanƙance, amfani ya ragu. Jure fari da saurin nuna, waɗanda su ne darajar 'yar gida, sai su bi sauran da aka kai wa mai niƙa. Babbar masarar ma da baƙon yake yabo, sau da yawa ta bakin gona ce ko ta inda taki ya taru, kuma wannan girman ba a gadonsa.

A gona ake zaɓen iri, masara na tsaye. A bar kunyoyin gefe, a shiga tsakiya a ɗaure ƙyalle a kara 100 zuwa 200 waɗanda ba su kwanta ba, ɓawonsu kuma ya rufe baki ruf, don ta nan ƙwaro da ruwa ke shiga. Bayan ta bushe a cire ƙwayar baki da ta gindi, a ɗebi daidai wa daida daga kowane goyo a gauraya. Idan maƙwabci ya shuka masara mai aure, wato irin da aka samar ta hanyar haɗa iri biyu, a ba da tazarar mita 200 aƙalla, in babu fili a raba lokacin shuka da mako 3 zuwa 4 don kada su yi fure tare. Wanda ya ga ƙwaya rawaya a cikin farar masararsa, to an riga an haɗu. Bushewa kuwa, a zuba ƙwaya da busasshen gishiri a kwalba a girgiza. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, da sauran laima.

Ba na faɗa da SAMMAZ, ingantaccen irin masara na cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke Samaru, Zariya. Amma ku gayyato masanansu, ko na cibiyoyin bincike na NACGRAB da IITA a Ibadan masu rumbun adana iri, su gyara maganar nan kafin kaka.



Naku mai sauraro, daga Giwa.