Kafin a tsaya cin abinci a ƙaramin gari a Faransa

Ranka ya daɗe Edita,

Ina so in ja hankalin 'yan'uwa masu tafiya ta mota a Faransa game da ƙananan gidajen abincin nan da ake kira bistro. Yawancinsu daga 12 zuwa 2 suke ba da abincin rana. Wanda ya iso 2:30 sai ya tarar an rufe kicin. Da dama kuma ba sa buɗewa ran Litinin.

A dubi allon bakin ƙofa. Girki biyu ko uku da aka rubuta da alli, na ranar ne. Amma jerin girki talatin a gari ɗan ƙarami, mafi yawa daga firiza suke fitowa. Tun 2014 akwai alamar "fait maison" ta doka, ma'ana a nan aka dafa.

Sai abin da ya fi damun mu, alade. Lardons 'yan gutsattsarin naman alade ne, ana zuba su a salak da ƙwai, har a cikin wake. Miyar bourguignon kuwa da giya ake dafa ta. A tambaya kafin a zauna; kifi ya fi kwanciyar hankali. Ruwan famfo da burodi kyauta ne, kuɗin hidima yana cikin farashi.

Naku,
Wani mai karatu