Kar a yar da tsohuwar Fijo saboda gasket

Malam Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana da masu tsofaffin Peugeot 504 ɗin nan da ke jibge a ƙofar gida ana cewa wai injin ya mutu, wallahi da yawansu gasket ɗin tof, wato shimfiɗar da ke tsakanin murfin saman inji da gangar jikinsa, ne kawai ya ƙone, kuma ana iya gyarawa a gida.

Tawa gadon mahaifina ce Allah ya jiƙansa, haɗin Kaduna, kamfanin haɗa Fijo ɗin nan da ya fara aiki a 1975. Ta tafasa min a hanyar Zariya, farin hayaƙi ta salansa, ruwan lagireto yana ta kumfa, da na zaro geji sai ga baƙin mai ya koma kamar kunun gyaɗa. Ni da ƙanina muka kwance ta a gindin darbejiyar gidanmu, kowane noti muka sa shi a gwangwaninsa.

Inda mutane suke kashe injin nan shi ne silif, wato bututun ƙarfen da fistin ke hawa da sauka a cikinsa. Silif ɗin 504 zaune yake cikin ruwa, tof ne ke danne shi, to da zarar ka ɗaga tof kar ka kuskura ka juya injin ko ka bar yara su tura motar tana cikin giya, fistin zai ɗago silif ɗin, abin da ya toshe ƙasansa ya saki, ka gama ɗaure sabon gasket ruwa ya ci gaba da zuba cikin mai ka rasa daga ina. Mu washa masu faɗi, irin zoben ƙarfen da ake sawa ƙarƙashin noti, muka samu muka danne silif ɗin da su da noti tun kafin mu taɓa komai.

Tof ɗin alminiyam ne, zafi yana lanƙwasa shi, mun ɗora rula ta ƙarfe muka ga haske ta ƙasa, dole muka kai aka goge. Notuna goman nan na tof kuma daga tsakiya ake fara ɗaurewa a fito waje, kaɗan kaɗan da sifana mai awo, ba da bututu da ƙarfin tuwo ba. Bayan kamar kilomita 1000 na sake bin su na saita bawul.

Lagireton ma mun wanke, ruwan rijiya ne ya toshe shi da gishiri, shi ya jawo abin tun farko. Jiya da ita na kai Hajiya asibiti, allurar zafi ko motsi ba ta yi ba.

Naku, wani mai karatu daga Kano.