Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Mai Son Rubuta Labarin Iskandar Da Malaminsa

Assalamu alaikum, 'yar'uwa.

Na ga tambayar da kika yi mini a bainar jama'a: kina son rubuta ƙagaggen labari a kan Iskandar na Makidoniya da malaminsa Aristotil, ina ne iyakar abin da za ki ƙaga, ina kuma marubuta ke tuntuɓe?

Fara da kafa turaku. An haifi Iskandar a shekara ta 356 kafin Miladiyya. A 343 mahaifinsa, Sarki Filib na Biyu, ya ɗauko masa Aristotil, aka kai su wani wuri mai kogo da inuwa da ake kira Miyeza. Yaro na da shekara 13, malam na da 41. A 340 Filib ya fita yaƙi ya bar wa ɗan riƙon ƙasa, karatu ya tsaya. Shekara uku ke nan, kuma abin da aka rubuta a kansu bai taka kara ya karya ba. Fulutak, marubucin tarihi Bagirke wanda ya fi kowa bayani, ya zo ne bayan kusan shekara 400. Wannan giɓin shi ne gonarki, ki nome shi yadda kike so.

Babban kuskure shi ne a zana Aristotil dattijo mai furfura wanda duniya ta sallama wa. A lokacin bai kafa makarantarsa ta Atina ba, sai 335. Mutum ne da ya yi shekara 20 a gaban malaminsa Aflatun, bai gaji kujerarsa ba, ya je tsibirin Lesbos yana feɗe kifi yana nazarin cikinsa. Mahaifinsa likitan kakan Iskandar ne, garinsu kuma, Istagira, wannan Filib ɗin ne ya rushe shi a 348. Ki duba wannan da kyau: malami yana cin abincin wanda ya tarwatsa mahaifarsa, yana koyar da ɗansa. Idan kika bar wannan ya wuce, kin zubar da rabin labarin.

Sai kayan zamani. Kada ki sa wa doki likkafa, ba a ƙirƙiro ta ba tukuna. A kan ƙyalle ko fata ake zama, a matse da cinya. Ba littafi mai shafi, sai naɗaɗɗiyar takarda da ake warwarewa da hannu biyu, ɗalibi kuma na rubutu da tsinke a allon da aka shafe da kakin zuma. Fitila ta man zaitun ce, zaƙi na zuma ne. Waƙar yaƙin Taroy ta Homa, mawaƙin Girkawa, wadda aka ce malamin ya gyara wa Iskandar, ita yake ajiyewa da wuƙarsa a ƙarƙashin matashin kai.

In kina neman inda labarin zai yi zafi, ki nemi Kalistenis, wani daga dangin Aristotil, wanda ya bi rundunar Iskandar yana rubuta tarihinta. A 327 Iskandar ya so mutanensa su riƙa faɗuwa gabansa irin ta Farisawa, Kalistenis ya ƙi, ba a jima ba aka danganta shi da makircin kashe sarki. Wata ruwaya ta ce rataye shi aka yi, wata ta ce a ɗaure ya mutu da ciwo; zaɓi ɗaya ki tsaya a kai. Amma ki yi shimfiɗa tun da wuri, domin mai karatunki ya saba ganin faɗuwa a fada a matsayin ladabi, alhali a wurin Girkawa abin bauta kaɗai ake yi wa haka. In bai gane wannan ba, zai ɗauki mutumin mai taurin kai ne kawai.

Abu biyu ki kiyaye. Littafin Sirrul Asrar, da ake cewa nasihar Aristotil ce ga Iskandar, ba nasa ba ne, an yi shi ƙarnoni bayansa. Sannan kada ki haɗa Iskandar da Zulƙarnaini na Suratul Kahfi. Ibn Kasir ya raba su, ya ce wanda Aristotil ya yi wa hidima wani ne daban.

Iskandar ya rasu a Babila a 323, malamin ya bi shi a 322. Tun da almajirin ya ƙetara zuwa Asiya a 334 ba su sake haɗuwa ba, saboda haka duk maganar da za ki sa a tsakaninsu bayan nan, ta wasiƙa za ta kasance.

Wassalam.