Wasiƙa ga abokan cinikinmu: a gina mafaka kafin a sayi mandarin

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Alhazai da Hajiyoyi, ƙanne da 'ya'ya, duk masu kiwon murjani da kifin teku da ke hulɗa da wannan ɗan shago namu, muna gaishe ku, muna kuma gode muku. Mun rubuto ne kan wata shawara da muka yanke, wadda muka san ba kowa za ta yi wa daɗi ba. Daga yanzu ba za mu ƙara sayar wa kowa kifin mandarin ba sai mun tabbata tankinsa yana haifar da abincin da kifin zai ci. Ko da mai saye babban mutum ne, ko da ya ce zai ninka kuɗin, za mu ba shi haƙuri.

Laifin daga gare mu ya fara, gara mu faɗa da bakinmu. Mun daɗe idan mutum ya ga mandarin ya yi sha'awarsa, sai mu haɗa masa da kwalba ɗaya ko biyu ta kofifod, 'yan ƙananan halittun ruwa da kifin ke ci, mu ce idan ta ƙare ya dawo. Yakan dawo kuwa, sau uku, sau huɗu. Bayan wata biyu ko uku sai ya turo mana hoton kifin: ciki ya shige, jiki ya motse, yana yawo kan dutse yana saran abin da babu. Daga nan sai labarin mutuwa. A littafin ciniki abin ya yi mana kyau, tunda kwalabe na ta fita, amma gaskiyar magana ruwa muke sa mutane zubawa a kwando, kuma kifin ne ke biya da ransa. Wanda hakan ta same shi ta hannunmu ya yafe mana.

Mandarin, wanda masana ke kira Synchiropus splendidus, ɗan yammacin tekun Fasifik ne, daga tsibiran Ryukyu na Japan har zuwa Ostireliya. Tsawonsa bai kai na yatsa ba sosai, amma kwalliyarsa, shuɗi da ruwan lemo da kore, kamar an zana ta da hannu. Matsalarsa ita ce yadda yake cin abinci. Ba ya cin ƙoshi ya kwanta. Tun safe har dare tsince yake yi, ƙwaya ɗaya bayan ɗaya, kamar kaza a bakin turmi, kuma yawancinsu ba sa kallon abincin gwangwani, sai abu mai rai da ke motsi. Kwalbar da kake gani cike da rayuka, 'yan kwanaki kaɗan za ta yi a gabansa, balle idan akwai wasu kifayen da suka fi shi zafin nama.

To mene ne kofifod ɗin? Wata 'yar mitsitsiyar halittar ruwa ce, dangin jatan lande da ƙaguwa, yawanci milimita 1 ko ƙasa da haka. Idan ka ga ɗigo-ɗigo fari yana tsalle a jikin gilas kamar ƙuma, su ne. Macen tana ɗauke da ƙwai a jaka a bayanta. Ɗan da ya ƙyanƙyashe yakan saɓa sau da dama, matakai 6 yana jariri, sannan matakai 5 yana ɗaukar kamannin iyayensa, kafin ya balaga. Wani jinsin yana gama wannan cikin kamar mako biyu idan ruwan na da ɗumi, wani sai ya kusa wata. A nan maganar take: idan ana cinye iyaye mata kafin 'ya'yansu su girma, iri ya ƙare. Manomi ba ya dafa irin shukarsa, komai yunwa.

Wani dattijo da ya leƙa kwalbar ya taɓa ja da baya, ya ce, "Yaro, ba waɗannan ne ke kawo kurkunu ba?" Tambayar ba ta wauta ba ce, domin ya tuna abin da ya gani da idonsa. Ƙumar ruwan nan ta tafki da kududdufi, Cyclops da danginta, wadda ake tace ruwan sha da ƙyalle saboda ita, kofifod ce ita ma, kuma ita ce ke ɗauke da tsutsar kurkunu. A ƙarshen shekarun 1980 an ƙidaya masu cutar sama da 650,000 a Nijeriya, na ƙarshe an same shi a 2008, sannan Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da kawar da ita daga ƙasar a 2013. Amma waccan ta ruwan daɗi ce, kuma ba ta ɗaukar tsutsar sai mai cutar ya tsoma ƙafarsa a ruwan. Namu na ruwan gishiri ne, a bokiti aka haife su, ba su taɓa ganin tafki ba. Wannan kuma shi ne dalilin da ya sa muke hana ɗebo ruwan kududdufi da sunan neman kofifod kyauta: na ruwan daɗi ba za su rayu a gishiri ba, datti kawai za ka zuba wa murjaninka.

Jinsi uku muke ajiyewa, kuma ba aikinsu ɗaya ba. Tigriopus californicus shi ne babba, ja-ja, wanda ido ke gani tun daga nesa. Asalinsa kwarmin duwatsu ne na gaɓar yammacin Amurka ta Arewa, inda rana ke dafa ruwa gishiri ya yi yawa, shi ya sa yake da juriya. Sai dai ba ya iya ɓuya, yawo yake a fili yana zillo, kifi kuwa ba ya barinsa. Abinci ne mai kyau, amma ba shi ne zai kafa maka zuri'a a tankin sama ba, wato babban tankin da kifi ke ciki. Tisbe biminiensis ƙarami ne, matsoraci, da rana yana cikin ramukan dutse, sai dare yake fita. Ba ya burge mai saye, domin a kwalba da ƙyar ake ganinsa, har wasu sukan ce mun sayar musu da ruwa zalla. Amma idan za ka sayi ɗaya tak, shi muke so ka saya. Na ukun, Apocyclops panamensis, yana tsakani: 'ya'yansa suna iyo a cikin ruwa, murjani da ƙananan kifi su samu rabo.

Mafaka, wadda a kasuwa za ku ji ana ce mata rifujiyom, ba wata na'ura ba ce mai tsada. Ɗaki ne da ake warewa, galibi a tankin ƙasa, wato ƙaramin tankin da ke cikin kabad a ƙarƙashin babban, ruwa ɗaya ke zagaya su da tankin sama, amma kifi ba ya shiga. Rumbun iri ke nan. A ciki suke haihuwa hankali kwance, rarar ta bi famfo ta hau sama. Ana yawan tambayarmu ko famfon ba ya niƙe su. Wasu na mutuwa, amma mafi yawa suna wucewa lafiya saboda ƙanƙantarsu, wanda ya mutu ma ai ba asara ba ne, murjani zai ci.

Abin da za a sa a ciki kaɗan ne. Na farko ɓaraguzan dutsen murjani mai ramuka, kamar girman ƙwan zabo zuwa dunƙulen hannu, a tara su sako-sako yadda ruwa zai ratsa. Na biyu ciyawar teku, kuma mu Chaetomorpha muke ba da shawara, wadda ta yi kama da koren soson ƙarfe na wanke tukunya. Tsakanin zarurrukanta wurin ɓuya ne da ba ya ƙidayuwa, kuma tana tsotse naitiret da fosfet, sinadaran da kashin kifi da ragowar abinci ke bari, daga ruwa tana girma da su. Akwai wata, Caulerpa, mai saurin girma da kyan gani, amma ba ma sayar da ita. Takan wayi gari ta yi fari fat ta amayar da abin cikinta a ruwa, tanki ya gurɓace a dare ɗaya. Danginta ne, Caulerpa taxifolia, aka fara gani a gaɓar Monako a 1984, ya bazu a Bahar Rum ya addabi ciyayin wurin. Abin da ya gagari ƙasashe ba za mu sa shi a ƙarƙashin teburin falonka ba.

Fitilar mafaka a kunna ta da dare, awa 10 zuwa 12, lokacin da ta sama ke kashe. Dalili: idan duhu ya yi, murjani da gansakuka sun daina shan iskar kabon, sai ta taru, ma'aunin pH ya sauka, wato ruwan ya ƙara tsami. Ciyawar da ke aiki a ƙasa a daidai lokacin tana rage wannan faɗuwa. Gudun ruwa kuma ya zama matsakaici, wanda zai motsa ciyawa ba tare da ya share gidan ba. Kuma don Allah a daina goge mafaka har ta yi ƙyalli. Mun san masu tsabta a cikinku, ba ma faɗin suna. Wannan ɗan ƙurar da ke kwanciya a ƙasa da yauƙin da ke jikin gilas, su ne tuwon kofifod.

Ranar zuba iri, a bari sai dare. A sa kwalbar ta yi iyo a tankin ƙasa kamar minti 15 don zafinsu ya daidaita. A kashe famfon sama da na'urar kumfa mai fitar da datti na ɗan lokaci, a kashe fitilar UV mai kashe ƙwayoyin cuta idan akwai, a cire safar tacewa, domin ƙananan ramukanta suna kama manyan kofifod. Mafi yawan kwalbar a juye ta cikin ciyawar mafaka, ragowar a kai kusa da duwatsun sama bayan kifi sun kwanta. A ɗauraye kwalbar da ruwan tanki a sake juyewa, domin Tisbe manne wa bango yake yi.

Sai ciyarwa. Koren ruwan nan da muke sayarwa ƙwayoyin tsiro ne masu rai, Nannochloropsis da Tetraselmis da Isochrysis. A ajiye shi a firji, a girgiza shi kullum don kada ya kwanta ya ruɓe, a riƙa zuba kaɗan-kaɗan sau biyu ko uku a mako. Idan ka buɗe ka ji wari, zubar da shi, kada ka ji tausayin kuɗinka. Yawan zubawa kuma ba ya ƙara haihuwa, gansakuka kawai yake ƙarawa.

Akwai abin da littattafan Turai da Amurka ba sa damuwa da shi, mu kuwa shi ne ciwon kanmu: zafi da ɗauke wuta. Tankin murjani yana son zafin digiri 24 zuwa 26 a ma'aunin Salsiyos, gishiri kuma 1.025 ko 1.026 a ma'auni. A bazara, ɗakin da ba sanyaya zai haura haka nesa ba kusa ba, ruwan zafi kuma iskar shaƙarsa kaɗan ce. Mafaka tana ƙasa, a rufe cikin kabad, idan famfo ya tsaya ita ce ke fara shaƙewa. Wanda ba shi da inbata ko sola, ya nemi ɗan famfon iska mai batir ya ajiye kusa, ya riƙa buɗe ƙofar kabad. Mu ma mun ɗanɗana: akwai ranar da muka bar kwali guda na kwalabe a bayan mota da tsakar rana, ko da muka buɗe babu mai motsi. Tun daga nan ba ma aika kofifod sai da sassafe ko bayan la'asar, kuma muna roƙon ku sassauta murfin da zarar kwalba ta iso. Da hunturu kuma ruwa ne ke saurin ƙafewa, gishiri ya tsaya. A cike gurbin da tataccen ruwa marar gishiri, ba ruwan burtsatse kai tsaye ba, kuma ba ruwan gishiri ba.

Jan ƙarfe guba ne ga kofifod. Maganin kifi da yawa yana ɗauke da shi, kuma yakan shige cikin dutse ya daɗe yana fitowa. Kifi marar lafiya a yi masa magani a wani tanki dabam. Idan ciyawa ta cika kuma za a rage, a karkaɗe ta cikin ruwan mafaka tukuna, in ba haka ba da hannunka za ka kai rabin garken bola.

Yaya za ka san iri ya kama? Ba da rana ba. Bayan an kashe fitila da awa ɗaya ko biyu, ɗauki tocila ka haska kusurwar gilas da gindin duwatsu. A makonnin farko ba lallai ka ga komai ba, kuma a nan ne mutane ke karaya su rugo sayen wata kwalba. A dakata. Daga mako na 4 zuwa na 8 ne ake fara ganin ɗigo-ɗigon suna yawa. Idan a mafaka kaɗai suke, da saura. Sai ka gan su a tankin sama dare bayan dare, duk da kifayen da ke farautarsu, sannan za a ce gidan yana da rara.

Ga yadda za mu riƙa yi. Mai son mandarin, tankinsa ya kai wata 6 da kafawa, ya kai kamar lita 200 da dutse mai yawa, yana da mafaka mai aiki, kuma ba ya cike da masu yi masa kishiya a abinci, irin ƙaramin kifin ras mai layi shida, wanda yake share dutse kafin mandarin ya gama juyowa. Ya turo mana ɗan bidiyon gilas da dare. Idan mun gamsu, za mu ware masa kifin da muka ga yana ci a wurinmu. Guda ɗaya, ko mace da namiji a babban tanki, ban da maza biyu, domin faɗa suke. Ba a fafe gora ranar tafiya, shi ya sa wanda bai shirya ba za mu rubuta sunansa mu jira shi, ba tare da kuɗin ajiya ba.

Wanda kuma ya riga ya sayi mandarin a hannunmu, yake ganin ya fara ramewa, kada kunya ta hana shi magana. Ya kawo shi, za mu riƙe shi a tankinmu har mafakarsa ta kama, ba ko kwabo. Masu tankin da ba shi da na ƙasa, akwai 'yar akwatin mafaka da ake ratayawa a bayan gilas, akwai kuma kiwo a bokiti da famfon iska da koren ruwa, wanda za mu nuna wa duk mai so a shago. Dunƙulen Chaetomorpha na farko kyauta ne, a dai zo da roba mai murfi.

Allah ya bar zumunci. Wassalam.

Naku,
Masu shago da ma'aikata