Likita, mantuwar Baba gigin tsufa ce ko ciwon ƙwaƙwalwa?

Assalamu alaikum Likita, barka da ƙoƙari, Allah ya saka da alheri.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, shekarata 6 a ɗakin haihuwa, amma yau jinyar mahaifina ce ta kawo ni gare ka. Baba yana da shekara 74, ya daɗe da hawan jini, kuma shekara 2 da suka wuce ya sami shanyewar ɓarin jiki mai sauƙi, ya miƙe. Tun daga nan bai koma daidai ba.

Da farko sunan abu ne ke ɓace masa, sai ya nuna buta ya ce "miƙo min wancan abin". Yanzu yakan yi alwala ya sake yi, ya tayar da sallar Azahar ya rasa raka'ar da yake, mutumin da ya yi shekara 30 yana limanci a masallacin unguwa. Ranar da na ga ya riƙe ’yar shara yana juya ta ya rasa ta inda zai sa kai, ɗaki na shiga na yi kuka. Tafiyarsa ma ta canza, yana jan ƙafa, fitsari na kufce masa. Da magariba kuwa abin ya fi tsananta, sai ya ɗauki sandarsa wai zai tafi gida, alhali a gidansa yake. Na lura ba a hankali yake raguwa ba: sai ya yi watanni a tsaye, sannan ya faɗa lokaci guda.

A makaranta an koya mana cewa Alzheimer ce ta fi yawa cikin cututtukan mantuwa, amma akwai wadda toshewar jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa ke haddasawa, kuma ita zuciyata ta fi karkata. Yayyena sun ce tsufa ne kawai, gwaggonmu ta ce sammu ne, ana ta hayaƙi da rubutu. Da na ambaci asibitin Dawanau, babban yayanmu ya ce ba za a kai ubansa wurin masu taɓin hankali yana raye ba.

Likita, makon nan ya wuni yana barci, bai gane Inna ba, jikinsa da ɗumi. Ta yaya zan bambance ci gaban cutar da ruɗewar da zazzaɓi ko ciwon mafitsara ke kawowa farat ɗaya? Wannan na gaggawa ne? Wane likita ya kamata ya fara ganinsa, kuma hoton ƙwaƙwalwa dole ne? Da waɗanne kalmomi zan shawo kan yayyena ba tare da an ce ƙanwa ta raina na gaba ba?

Mai sauraronka a kullum,
daga Kano