A Keɓe Wa Jirgin Cikin Gari Hanya Tun Katsina Ba Ta Cushe Ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida domin in ja hankalin hukumomin jiharmu kan batun jirgin ƙasa na zirga-zirgar cikin gari, wanda mutane da dama ke ɗauka maganar Legas da Abuja ce kawai.

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin Keke Napep daga Ƙofar Sauri zuwa Babbar Kasuwa, ko daga cikin gari zuwa Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke hanyar Dutsin-ma, ya zama nauyi a kan albashin ƙaramin ma'aikaci da guzirin ɗalibi. Jirgi yana kwasar ɗaruruwan fasinjoji a sawu ɗaya, kuma duk inda aka kafa tasharsa shaguna da gidajen haya suna biyo baya.

Na san aikin yana cin kuɗi da lokaci. Legas, duk da arzikinta, ta fara layin Marina zuwa Mile 2 a 2009, amma sai a watan Satumbar 2023 fasinjoji suka fara hawa, alhali tsawonsa kilomita 13 ne kacal. Na Abuja kuwa, an buɗe shi a 2018, ya tsaya a 2020 lokacin annobar korona, bai dawo aiki ba sai 2024, kuma babban ƙorafin jama'a a kansa shi ne yawancin tashoshin sun yi nisa da unguwannin da mutane ke kwana. Wannan kuskuren ne nake jiye mana tsoro, ganin cewa layin dogon Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a 2021, zai ratsa Daura da Katsina da Jibiya. Idan fasinja ya sauka a tasha sannan ya sake biyan kuɗi mai yawa kafin ya isa gida, to rabin amfanin jirgin ya tafi.

Saboda haka nake kira ga hukumar tsara birane da ta shata hanyar jirgin cikin gari tun yanzu, ta hana gini a kanta, ko da motocin bas ne za su riƙa bi kafin a samu hali. Filin da yake gona a bayan Ƙofar Ƙaura a yau, gobe unguwa ce, kuma duk wanda ya taɓa ganin an rushe gidan gado ya san diyya ba ta mayar wa iyali maƙwabtansu da masallacinsu.

Haka kuma, a zauna da shugabannin 'yan acaba da masu Keke Napep tun daga farko, domin matasa masu yawa da wannan sana'a suke ciyar da iyayensu, kuma su ne za su riƙa kai fasinja daga tasha zuwa lungun da jirgi ba zai shiga ba.

Wassalam.

Naku mai karatu,
daga Ƙofar Marusa, Katsina.